Kuɗin Ruwan Ajiya: Rabon Da Ke Kuɓuce Wa 'Yan Arewa Mazauna Kudu

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 ne kwamitin tsara manufofin kuɗi na Babban Bankin Nijeriya ya zauna a Abuja, ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa na ƙasa zuwa kashi 27.5 cikin 100. Wannan shi ne ƙari na shida a cikin shekara guda, tun daga kashi 18.75 da Gwamnan Bankin, Mista Olayemi Cardoso, ya tarar sa'ad da ya kama aiki. Jaridu suka buga, gidajen rediyo suka faɗa, masu masana'antu suka yi ta kuka cewa rance ya fi ƙarfinsu. Amma a kasuwar Mile 12 da Alaba Rago da abbatuwar Agege, da Sasa da Bodija a Badun, da zangon shanu na Lokpanta, da unguwannin Hausawa na Anaca da Fatakwal, labarin ya wuce kamar ba da kowa ake ba. Alhali kuwa duk mai asusun ajiya a banki yana da rabo a cikin wannan magana. Sai dai galibin 'yan Arewa mazauna Kudu ba su san da rabon ba, waɗanda suka sani kuma ba kasafai yake isa hannunsu ba.

Ga yadda abin yake. Babban Banki ya ɗaure kuɗin ruwan asusun ajiya da wancan ma'auni nasa, watau ya ƙayyade wa bankuna mafi ƙanƙantar abin da za su biya mai ajiya. A watan Satumba na 2020, lokacin annobar korona, an rage wannan kaso zuwa kashi 10 cikin 100 na ma'aunin, har mai ajiya ya koma yana samun kashi 1 da 'yar ɗoriya a shekara. Daga 1 ga watan Agusta na 2022 aka maido shi kashi 30 cikin 100 na ma'aunin, abin da ya kama kashi 4.2 a wannan lokaci. Da ma'aunin ya kai 27.5 sai kason mai ajiya ya zama kashi 8.25, da aka sassauta shi zuwa 27 a watan Satumba na 2025 ya zama kashi 8.1. Duk ran da kwamitin ya taɓa ma'aunin, kason ya motsa tare da shi. A kan kashi 8.25, wanda ya bar Naira miliyan 1 a asusunsa shekara guda yana da Naira 82,500, watau Naira 6,875 kowane wata, kafin a cire harajin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ruwan.

To, me ya sa ɗan kasuwar da miliyoyi ke ratsa asusunsa bai taɓa ganin ko kwabo ba?

Amsar tana cikin wani ɗan sharaɗi da ke cikin littafin ƙa'idojin cajin banki wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2020. Sharaɗin ya ce wannan mafi ƙanƙantar kaso ba ya kan wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a cikin wata. Wanda ya rubuta wannan sharaɗi ma'aikacin ofis yake gani a ransa, mai albashi a ƙarshen wata, wanda zai ware wani abu ya manta da shi. Mai sayar da albasa a Mile 12 kuwa, kafin azahar ta ranar ɗaya ga wata ya riga ya cike huɗun nan: ya tura wa direban mota kuɗin mai, ya biya 'yan dako, ya aika wa dillalinsa na Aliero ko na Kano, ya ciri na abinci wurin mai POS. Bankuna da yawa suna lissafa tura kuɗi ta waya da sayen katin waya a cikin cirewar. Saboda haka watan ya tafi ke nan, ko da kuwa akwai Naira miliyan 2 kwance a cikin asusun wadda ba a taɓa ba tun bara. Kuɗin da ke kwance da kuɗin da ke juyawa sun kwana ɗaki ɗaya, sai laifin mai yawo ya shafi mai zaman gida.

Bankin kuwa nasa ba ya kuɓuce masa. Tun watan Mayu na 2025 kowane saƙon da aka aiko a waya na shiga ko fitar kuɗi Naira 6 ne, bayan da Naira 4 ne. A 2025 akwai Naira 50 ta kula da kati duk wata uku, akwai Naira 50 ta gwamnati a kan kuɗin da aka tura daga Naira 10,000 zuwa sama, daga watan Maris na 2025 kuma cire Naira 20,000 a na'urar wani banki daban ya zama Naira 100. Ɗaya-ɗaya ba su taka kara sun karya ba, amma wanda ya nemi takardar lissafin asusunsa ta wata shida ya zauna ya tara su zai ga shi ne yake biyan banki ladan riƙe masa kuɗi.

Ko da an sami kason cif, ba a tsira ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara, bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin Naira a watan da ya biyo. Ma'ana, kayan da Naira miliyan 1 ta saya a ƙarshen 2023 sai an ba da Naira 1,348,000 a ƙarshen 2024. Mai asusun ajiya da ya kiyaye sharaɗi yana riƙe da 1,082,500, ya yi giɓin fiye da Naira 265,000. Wanda ya ƙunshe nasa a cikin buhu a bayan shago giɓinsa 348,000 ne. An sake tsarin ƙididdigar a watan Janairu na 2025, adadin ya koma kashi 24.48, ya kuma ci gaba da sauka har ƙasa da kashi 20 kafin ƙarshen shekarar, amma duk da haka yana saman abin da asusun ajiya ke biya. Ashe neman kuɗin ruwa mai tsoka a irin waɗannan shekaru ba neman arziki ba ne, rage asara ne kawai.

A ɗaya gefen kanta kuwa labari ya sha bamban. A 2024 bankin da ke biyan kashi 8, ko ba ya biyan komai, shi ne yake ba da rance a kan abin da ya kusa kashi 30, ko ya sayi takardun gwamnati da suka haura kashi 20. A lissafin 2024 bankin Zenith da kamfanin GTCO kowannensu ya bayyana ribar da ta haura Naira tiriliyan 1 bayan haraji. Su ma dai bankunan suna da hanzarinsu: a watan Satumba na 2024 Babban Banki ya tilasta musu ajiye rabin kuɗin jama'a a wurinsa, ba su da ikon juya shi, sai bayan shekara guda aka rage zuwa kashi 45. Hanzarin gaskiya ne, amma bai hana riba ba. Babu kuɗin da ya fi wa banki daɗi irin na mutumin da ke zuba ajiya kullum ba ya tambaya.

Wani zai ce ai magani a fili yake, a kulle kuɗin na wata shida ko shekara a sami kaso mai yawa. Mai faɗin haka bai san zaman baƙunci ba. A watan Maris na 2016 rikici ya sa aka rufe kasuwar Mile 12. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙone shaguna da gidaje a Sasa, mutane suka hau mota da abin da ke jikinsu. Daga 1 ga watan Yuni na 2022 gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, dubban matasa suka wayi gari ba sana'a. Ban da wannan akwai kiran waya na tsakar dare daga gida: tsohuwa ba lafiya, ruwa ya sauka ba a sayi taki ba, ko kuma, ga mutanen Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, an ɗauke wani ana neman fansa. Mutumin da ke cikin wannan hali yana da gaskiya in ya ce kuɗin da ba zai taɓu yau ba ba nasa ba ne. Canjin kuɗi na farkon 2023 ya ƙara masa hujja, don a lokacin mai kuɗi a banki sai da ya sayi Nairarsa da Naira wurin masu POS. Amma kuma wannan canji ya nuna wa mai ɓoyo a buhu cewa takardar da ke hannunsa tana iya mutuwa da sanarwa guda.

Wannan ne ya sa tsofaffin hanyoyi ba su mutu ba. Tun zamanin fataken goro da shanu a Sabon Badun, baƙo yana ba maigidansa ajiya, ya karɓa ran da zai koma. Akwai adashi, akwai kuma mai karɓar ajiyar kullum da Yarabawa ke kira alajo, wanda yake zagayawa rumfa-rumfa da katinsa, a ƙarshen wata ya maido wa mutum kuɗinsa ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa. Mai zuba Naira 2,000 kullum yana barin Naira 24,000 ke nan a shekara. Ba a raina amfanin alajo ba, don shi ne yake ƙwace kuɗin daga hannun mai shi kafin ya kashe, kuma ba ya tambayar katin ɗan ƙasa. Sai dai ran da ya ɓace babu ofishin da za a je. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan Nijeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 47. Da wannan al'ada matashi yake sauka a Ikko.

Abin da lissafin nan yake nunawa shi ne, tambayar wane banki ya fi biya ita ce ta biyu. Ta farko ita ce raba kuɗin. Asusu ɗaya na juyi, wanda za a taɓa sau ɗari a wata ba a sa ran komai daga gare shi. Asusu na biyu na kwanciya, ba a karɓar masa kati, ba a ba abokan ciniki lambarsa, ana zuba masa duk mako amma ba a cirewa sai da dalili. Zubawa ba ta karya sharaɗi, cirewa ce take karyawa. Wannan ɗan mataki kaɗai, wanda bai ci komai ba sai zuwa banki sau ɗaya, shi ne bambancin sifiri da kashi 8. Ya kamata kuma mai buɗewa ya tambayi ma'aikacin banki ƙarara nawa ne kason a wannan wata, da abin da suke lissafawa a matsayin cirewa, ya kuma duba ƙarshen wata ya ga ko an zuba.

Sama da wannan akwai asusun haɗaka da ake kira moni-maket. Kamfanonin da Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari, watau SEC, ta yi wa rajista suna tara kuɗin jama'a su sayi takardun rancen gwamnati na gajeren lokaci da na manyan kamfanoni, su raba abin da aka samu. A ƙarshen 2024 da yawansu sun biya fiye da kashi 20 a shekara, watau Naira 200,000 a kan miliyan ɗaya inda asusun ajiya ya ba da 82,500. Wasu suna karɓar ko Naira 5,000, kuma wanda ya nemi kuɗinsa yakan samu cikin kwana ɗaya ko biyu na aiki. A nan ne ya kamata a tsaya. Kwana biyu na aiki, in buƙata ta taso daren Juma'a, ya zama Talata. Kason kuma ba alkawari ba ne, yana hawa yana sauka da kasuwa, ya kuma sauka a 2025 sa'ad da gwamnati ta rage abin da take biya. Haka nan inshorar ajiyar banki ba ta rufe shi. Saboda haka wurin kuɗin da za a nema cikin mako ne, ba na tsakar dare ba.

Bankunan waya su ne suka fi shiga kasuwanni a 'yan shekarun nan, har ya zama da wuya a ga mai shayi ko mai tsire a Ikko ba shi da OPay ko PalmPay ko Moniepoint. Da dama daga cikin irin waɗannan manhajoji suna da aljihun ajiya dabam wanda ke lissafa kuɗin ruwa kullum, kason da suke tallatawa ya fi na manyan bankuna, ana kuma iya cirewa nan take. Wannan ya dace da mai ƙaramin ƙarfi ƙwarai. Abin tambaya shi ne wane irin lasisi kamfanin yake da shi, kuma kuɗin aljihun a hannunsa yake ko ya miƙa wa wani kamfani ya juya. A watan Afrilu na 2024 Babban Banki ya dakatar da huɗu daga cikinsu daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa har zuwa watan Yuni, a kan batun tantance masu asusu. Ba a taɓa kuɗin kowa ba, amma abin ya tuna wa jama'a cewa su ma a ƙarƙashin hukuma suke. Hatsarin da ya fi kusa ma shi ne wayar kanta, in an fizge ta a tashar mota alhali lambar sirri ita ce shekarar haihuwa.

Kuɗin da aka san ranarsa kuwa, kamar na ragon layya, ko na taki, ko na aure bayan kaka, ba shi da dalilin zama a asusun ajiya. Takardun baitulmali, waɗanda ma'aikatan banki ke kira tirezari bil, na kwana 91 ne ko 182 ko 364, ana kuma ba da kuɗin ruwansu tun farko. Na shekara guda ya haura kashi 20 a yawancin 2024. Shiga gwanjon Babban Banki kai tsaye sai mai fiye da Naira miliyan 50, amma bankuna suna gutsura wa ƙananan masu saye. Akwai kuma takardar ajiya ta Gwamnatin Tarayya da Ofishin Kula da Basussuka ya fito da ita a watan Maris na 2017, daga Naira 5,000, ta shekara biyu ko uku, ana biya duk wata uku. Wadda ta fi sauƙi ita ce ajiyar ƙayyadadden lokaci a bankin mutum, ta kwana 30 ko 90, wadda kasonta na ciniki ne kamar kayan kasuwa. Abin mamaki, mutumin da zai yi rabin sa'a yana taya buhun barkono shi ne zai karɓi kason farko da aka faɗa masa a banki ya yi godiya.

Har ila yau akwai jama'a masu yawa waɗanda ba rashin sani ne ya hana su ba. Sun ɗauki kuɗin ruwa haramun ne, wasu ma sukan roƙi banki kada ya zuba musu, ko su cire su bayar. A da ba su da zaɓi sai su bar wa banki kuɗinsu ya juya kyauta, amma yanzu da sauƙi. Bankin Jaiz ya buɗe a 2012, TAJ a 2019, Lotus kuma, wanda hedkwatarsa ke Ikko, a 2021. Suna da asusun mudaraba, inda banki ke kasuwanci da kuɗin a raba riba bisa kason da aka amince tun farko. Ba a faɗin adadin ribar kafin a samu, don haka mai ajiya sai ya nemi a nuna masa abin da aka raba a watannin baya ya gwada da na wani. Gwamnatin Tarayya ta fara sayar da sukuk a watan Satumba na 2017, na Naira biliyan 100 don gina hanyoyi, a kan ladan haya na kashi 16.47, wanda aka fitar a watan Mayu na 2025 kuma kashi 19.75 ne, ana shiga daga Naira 10,000. Amma waɗannan sukuk biyun na shekara bakwai ne, mai son fita kafin lokaci sai ya sayar ta hannun dillali a farashin ranar.

Duk inda aka ji kaso ya yi tsalle, ma'aunin gane gaskiya ba shi da wuya. Gwamnatin da ke buga Naira da kanta, a shekarar da ta fi matsuwa, kashi 20 da 'yan kai ta biya a shekara. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a watan Afrilu na 2025, har waɗanda abin ya shafa suka fasa ofishinta na Badun suka kwashi kujeru. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi tarar Naira miliyan 20 ko ɗaurin shekara 10 ga masu irin wannan sana'a, amma ɗaurin wani ba ya maido da jarin wani. Mafi yawan lokaci kuma ba baƙo ne yake kawo tallar ba, ɗan gari ɗaya ne wanda aka biya shi sau biyu na farko.

Su ma masu lasisi suna faɗuwa. A watan Mayu na 2023 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna 179, ran 3 ga watan Yuni na 2024 kuma ya soke na bankin Heritage. A nan ne Hukumar Inshorar Ajiya, NDIC, take shigowa. A 2024, kafin faɗuwar Heritage da 'yan makonni, ta ɗaga abin da take biyan kowane mai ajiya daga Naira 500,000 zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, har da marasa kuɗin ruwa, daga Naira 200,000 kuma zuwa miliyan 2 a ƙananan bankuna. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin a raba, abin da kan ɗauki shekaru. Dillalin shanu da ya tara Naira miliyan 8 a ƙaramin banki don kasonsa ya fi da kashi 3 ya sa miliyan 6 a caca saboda Naira 240,000.

Yadda aka biya mutanen Heritage ma abin lura ne ga 'yan ci-rani. Hukumar ta bi lambar BVN ta kowane mai ajiya ta gano asusunsa na wani banki ta zuba masa, ba sai ya je ko'ina ba. Waɗanda suka sha wahala su ne marasa asusu na biyu, da waɗanda sunan da ke asusunsu bai dace da na BVN ɗinsu ba. A kasuwannin Kudu kuwa ba a rasa yaron da ke tara kuɗinsa a asusun maigidansa, ko mutum biyar 'yan ƙauye ɗaya da ke zubawa a lambar mutum ɗaya don shi kaɗai ke da katin ɗan ƙasa. A idon banki da na NDIC wannan mai ajiya ɗaya ne, iyakarsa ɗaya ce, cirewarsa huɗu ce a wata, in kuma ya rasu magadansa ne za a saurara, ba sauran huɗun ba.